Mashayan giya a Dubai: Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Akwai wata matsala da ke cin wasu 'yan'uwanmu mazauna Dubai a ɓoye, wadda kowa ya san da ita amma ba mai son ambatonta a majalisa, wato shan giya. Daga cikin 'yan kasuwarmu na Deira da Naif da ma'aikatan kamfanoni har zuwa 'ya'yanmu da aka haifa a can, akwai waɗanda kwalba ta riga ta fi ƙarfinsu, kuma abin da suka fi tsoro shi ne kada labari ya isa gida.

Samun giya a birnin ya ƙara sauƙi a 'yan shekarun nan. A watan Nuwamba na 2020 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sassauta dokarta, ta cire hukunci a kan wanda ya kai shekara 21 ya sha ba tare da lasisi ba. A farkon 2023 Dubai ta dakatar da harajin kashi 30 cikin ɗari da ke kan giya, kafin ta maido da shi a watan Janairun 2025. Saurayin da ya taso a Kano, inda Hisba ke farfasa kwalabe a bainar jama'a, sai ya tsinci kansa a garin da otal-otal ke sayar da ita a fili, ga kuɗi a aljihu, ga kaɗaici. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai.

Abin da yawancin mutanenmu ba su sani ba shi ne, a cikin Dubai ɗin akwai tarukan da mashaya masu son dainawa ke yi don taimakon juna, a ƙarƙashin ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935. Ana samun jadawalin tarukan a intanet, wasu ma ta waya ake shiga. Ba a biyan kuɗin rajista, ba a tambayar cikakken suna, kuma sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato mutum ya kasance yana son ya daina. Ana zama na kimanin awa guda, mai son magana ya faɗi abin da ke damunsa, wanda bai shirya ba ya yi shiru ya saurara. Akwai taron da mashaya kaɗai ke shiga, akwai kuma wanda ɗan'uwa ko aboki zai iya yin rakiya. Sabon shiga yakan samu wani wanda ya daɗe da dainawa ya zama madogararsa, wanda zai kira ko da tsakar dare idan sha'awa ta taso.

Masu shakkar amfanin irin wannan zama su duba nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2020, wanda ya tattara bincike 27 a kan mutum sama da 10,000, ya kuma gano cewa wannan hanya ba ta gaza sauran hanyoyin jinya ba, har ma takan fi su wajen sa mutum ya ɗore bai koma ba. Masu fargabar addininsu kuma su sani ƙungiyar ba ta wani addini ba ce, har ma Musulmin Baltimore sun kafa irinta mai suna Millati Islami a 1989. Haramcin giya ba abin jayayya ba ne, amma ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya hana sahabbai tsine wa wani mutum da aka sha kawowa saboda shan giya.

Sai dai taro ba asibiti ba ne. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya yanke farat ɗaya, yana iya samun karkarwa da gigita da farfaɗiya, har rai ya salwanta. Irin wannan ya fara ganin likita tukuna. Akwai Cibiyar Erada da Asibitin Al Amal a Dubai, da Cibiyar Gyaran Hali ta Ƙasa da ke Abu Dabi tun 2002.

Don haka muna kira ga shugabannin al'ummarmu da limamai da masaukan baƙi su nemi sanin inda ake waɗannan taruka, su riƙa nuna wa mabuƙata hanya cikin sirri maimakon a tattara wa mutum kayansa a tura shi gida da ciwonsa. Da yake akasarin tarukan da Ingilishi ake yi, ya dace waɗanda Allah Ya kuɓutar daga cikinmu su buɗe zama da Hausa, domin mutum biyu ko uku sun isa su fara. Su kuma iyalai su tuna hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ga wanda abin ya shafa kuwa, kunyar shiga ɗakin taro ta rana ɗaya ce, ta fi sauƙi a kan rasa aiki da iyali da lafiya. Allah Ya shirye mu baki ɗaya.