Filin Dabara: Jirgin ruwa na wasa

Ƴan'uwa, wannan wata zancen jirgin ruwa za mu yi, amma na wasa, mai tsawon mita 1. Da katako marar nauyi ake ƙera shi, a toshe kowace kafa da kwalta. A cikinsa akwai batir, da ƙaramin inji mai juya farfela, da akwatin karɓar saƙon rediyo. Mai shi yana bakin tabki, yana juya shi dama da hagu.

Batir ya fi komai nauyi. Ni na aza shi sama, nawa ya kife nan take. Ku sa shi can ƙasa, tsakiyar ciki. Kuma ku ɗaura wa jirgin dogon zare. In ya mutu tsakiyar ruwa, ku jawo shi, kada ku tura yaro.