Masu Raino A Gida: A Buɗe Musu Ƙofar Rajista Kafin A Garƙame Tasu

Akwai wasu ma'aikata a harkar ilimin Fagge da Sabon Gari waɗanda sunansu ba ya cikin takardar albashin kowa, ba su taɓa sa hannu a littafin halarta ba, amma da za su ajiye aiki na yini guda, da azuzuwa masu yawa sun wayi gari babu malama. Su ne matan da ke karɓar rainon jarirai a gidajensu. Da ƙarfe bakwai na safe ake miƙa musu yaro da kwalbar kunu da zanin goyo, a dawo a ɗauke shi bayan azahar ko la'asar. Malamai mata na kai musu, ma'aikatan jinya na kai musu, haka nan matan da ke tsaron shago a Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari. Mafi yawansu ba su da lasisi, ba su da rajista, kuma babu wata hukuma da ta san adadinsu. Wannan reshe yana ganin lokaci ya yi da za a yi maganarsu a fili, domin 'ya'yanmu ne a hannunsu.

A da, wannan tambaya ba ta tasowa. Gidan gandu yana da kaka, yana da gwaggo, yana da kishiya ko matar wa, kuma yaro ba ya rasa bayan da zai hau. Yau ma'aurata da yawa sun bar tsohon gida a Fagge sun kama haya a Rijiyar Lemo ko Kurna ko ma bayan gari, daga su sai 'ya'yansu. A Sabon Gari kuwa, wadda tun kafuwarta a 1913 take mazaunin waɗanda suka baro garuruwansu, kakar yaro tana iya kasancewa a Anambra ko Oyo ko Binuwai, tafiyar yini guda ko fiye. Wata hanyar da aka saba bi ita ce ɗauko yarinya daga ƙauye ta yi raino. Amma tun da Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, malamar da take bin iyaye gida-gida a kan su turo 'ya'yansu mata makaranta ba ta da bakin ajiye 'yar shekara goma a ɗakinta tana jijjiga mata jariri. Gidan raino mai rajista, inda yake, kuɗinsa ya fi ƙarfin mai albashin da bai yi nisa da mafi ƙarancin naira 71,000 da jihar ta amince da shi a 2024 ba. Abin da ya rage shi ne maƙwabciya.

Me doka ta ce a kan wannan maƙwabciya? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma a 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufa ta musamman a kan raino da tarbiyyar yara tun daga haihuwa. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta yanka cewa a gidan rainon jarirai mai kula ɗaya kada ta wuce yara 10, a ajin nazare kuma kada malami ya wuce 25. Sai dai wannan manufar da kanta ta ɗauki shekara guda kacal ta share fagen shiga firamare ta ɗora wa makarantun gwamnati, ta bar 'yan ƙasa da shekara huɗu a hannun 'yan kasuwa da hukumomin jin daɗin jama'a. Ma'ana, gwamnati ta rubuta ƙa'ida, sannan ta janye hannunta daga aikin da ƙa'idar ta shafa. A nan Kano, ƙofar da mai neman izini zai ƙwanƙwasa ita ce Hukumar Kula da Makarantu Masu Zaman Kansu da na Sa-kai, kuma ma'auninta na makaranta ne: gini, azuzuwa, malamai masu takarda, kuɗin fom, kuɗin sabuntawa. Bazawarar da ke rainon yara biyar a ɗaki da rumfa ba ta da ko ɗaya daga ciki. Ba ta ƙi bin doka ba. Rigar da aka ɗinka ce ba ta shige ta.

Mun ga yadda hukuma take motsawa idan abu ya faru. A watan Janairu 2022, bayan an gano gawar Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantar da take karatu ya sace ya kashe, gwamnatin Abdullahi Ganduje ta soke lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu a jihar, ta ce kowa ya sake zuwa a tantance shi. Kotu ta yanke wa mutumin hukuncin kisa a watan Yuli na wannan shekarar. A watan Agusta 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ita ma ta janye takardun izinin makarantun, ta buƙaci sabuwar rajista. Ba mu ga laifin tantancewa ba, kuma babu uban da ya ji labarin Hanifa bai so a yi abin da ya fi haka ba. Amma a lura da wanda sandar ta sama. Soke lasisi yana taɓa mai lasisi ne kaɗai. Matar da ba ta taɓa mallakar takarda ba, babu abin da za a ƙwace daga hannunta, kuma darasin da ta ɗauka daga hayaniyar shi ne ta ƙara ɓuya: kada ta kafa allo, kada ta bar yara su fito soro, in baƙo ya yi sallama ta ce jikokinta ne. Duk lokacin da aka ɗaga murya da barazanar rufewa, ƙofar ɗakin da jariran suke ciki ƙara turuwa take yi, su kuwa iska da idon jama'a suke buƙata.

Kada a ɗauka muna wanke kowace mai raino ne. Membobinmu sun san abin da suke gani idan sun je ɗaukar 'ya'yansu. Akwai gidan da mace ɗaya ke fama da yara goma sha biyar, wasu na rarrafe, wasu ba su iya zama ba, ga tukunya a kan wuta. Akwai gidan da rijiya take a buɗe a tsakar gida, ko tukunyar gas take ɗaki ɗaya da katifar da yara ke barci, ko janareta yake tururi a bakin taga. A gidajen haya na Sabon Gari, inda iyali goma suke tarayya a banɗaki ɗaya da ƙofar fita ɗaya, wanda ke shiga da fita bai da iyaka, kuma ba kowa ne aka san halinsa ba. Ana kuma yawan raɗe-raɗin ba jarirai maganin mura domin su yi barci. Ko da gida ɗaya ne cikin ɗari yake yin haka, ya isa a tashi tsaye. Ga kuma cuta. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a ƙasar nan, kuma Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, galibi a tsakanin yaran da ba su kammala rigakafi ba. Ɗaki guda da aka tara jarirai daga gidaje goma, babu wanda ya tambayi katin rigakafin kowa, wuri ne da cuta ke samun abin da take so.

Mazauna Sabon Gari ba su manta da ranar 17 ga Mayu 2022 ba, lokacin da fashewa ta auku a titin Aba kusa da wata makarantar ƙananan yara, iyaye suka fito a guje kowa na kiran sunan ɗansa. Makaranta ko ba komai tana da littafin suna da za a buɗe a ƙirga. Da irin wannan ta faru a layin da ke da gidan raino na ɓoye, 'yan kwana-kwana ba za su ma san akwai jarirai a ɗakin ƙurya ba.

Wasu ƙasashe sun riga mu cin karo da wannan matsala, kuma ba su magance ta da kwaɗo ba. A Ingila, tun 1948 doka ta san mai raino a gida a matsayin sana'a mai zaman kanta, dabam da makaranta. A yau tana yin rajista, a binciki tarihinta da na manyan da ke zaune a gidan, ta koyi agajin gaggawa na yara, kuma a ƙa'ida ba ta wuce yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas, cikinsu ɗaya ne kawai zai kasance bai cika shekara ba. Wanda zai ce Ingila ta yi mana nisa da arziki, sai ya dubi Kolombiya, wadda tun 1986 ta ɗauki matan unguwannin talakawa masu raino a gidajensu, ta ba su horo da abincin yara da rancen gyara gida, ta mai da su abokan aikin hukuma. Ba mu ce a kwafo tsarin kowa sukutum ba, domin kowa da irin kiwon da ya karɓe shi. Abin da ya kamata a ɗauka shi ne a raba ma'auni biyu: na makaranta daban, na ɗakin raino daban.

Abin da muke nema daga gwamnatin jiha da ƙaramar hukumar Fagge bai fi ƙarfinsu ba. A buɗe rajista ta musamman ga masu raino a gida, a ofishin ƙaramar hukuma inda mace za ta iya zuwa da ƙafa, kuma kyauta. Muna jaddada kyauta, domin da zarar an maƙala mata kuɗin shiga, ta zama wata hanyar karɓar haraji, masu rasit na gaske da na bogi su fara zagaye, matan kuma su koma inda suka fito. Mai unguwa ya shaidi matar da mutanen gidanta, a Sabon Gari kuma shugabannin al'umma da limamai da fastoci su yi wannan shaida. Ma'aikaciyar lafiya ta ziyarci gidan ta duba abubuwan da ido ke gani: murfin rijiya, wurin girki, iska, ruwan sha, ƙofar fita. A yanka adadin yara, a rage shi sosai idan jarirai ne, domin goma ɗin da manufar ƙasa ta ambata ta yi yawa ga mace ɗaya da babu mataimakiya; hannu biyu gare ta, baya ɗaya. A ba ta littafi ta riƙa rubuta wanda ya kawo yaro da wanda aka yarda ya ɗauke shi. Kwalejojin ilimi da ke koyar da fannin kula da ƙananan yara, irin ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, za su iya shirya horo na 'yan kwanaki da Hausa da Turancin kasuwa, a ranakun da matan ba su da yara. Wadda aka ba wa'adin gyara ta ƙi, ko aka kama da cutar da yaro, to a rufe, kuma Dokar Kare Yara da jihar ta sa wa hannu a 2023 ta yi aikinta a kanta. A sannan rufewa take da ma'ana, domin iyaye suna da wani gidan mai rajista da za su koma.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan mai ɗaukarmu aiki. Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini domin ta ba ɗanta nono, amma rabin sa'a ba ya kai malama daga Kwaciri zuwa Rijiyar Lemo ya dawo da ita, ko da adaidaita sahu na jiran ta a bakin ƙofa. Wannan haƙƙi ba ya aiki sai jaririn yana kusa. Gwamnatin da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni 2024, take kuma gyaran azuzuwa, tana iya ware ɗaki guda a kowace babbar firamare ya zama na rainon 'ya'yan ma'aikata, a ɗauki masu kula daga cikin waɗannan mata da suka yi rajista. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha tana da kason da aka tanada domin ƙananan yara a cikin kuɗin da ke zuwa daga tarayya. Muna so a faɗa mana nawa ne ya iso Fagge, kuma me aka yi da shi. Muna nan kuma a kan buƙatarmu ta hutun haihuwa na wata shida da cikakken albashi, irin wanda Legas ta fara a 2014 Kaduna kuma ta bi sahu, a rubuce, kuma ya haɗa da malaman firamare ba ma'aikatan ma'aikatu kaɗai ba. Likitoci suna cewa a shayar da nono zalla wata shida. Bai dace wata hukumar ta ce haka, wata kuma ta riƙa ƙirga wa uwa ranakun fashi ba.

Kafin hukuma ta motsa, muna roƙon kowace uwa da kowane uba a cikinmu su yi abin da sufeto zai yi. Ku shiga har ɗakin da yaron yake wuni, kada ku tsaya a soro. Ku je wata rana ba da sanarwa ba, a tsakiyar yini. Ku ƙirga yaran da idonku, ku tambayi wanda ke zama da su idan mai gidan ta fita cefane, ku nuna katin rigakafin ɗanku sannan ku nemi sauran iyaye su nuna nasu. Kunyar maƙwabtaka tana hana tambaya, mun sani, amma mai raino ta gari ba ta jin haushin uwar da ta tambaya. Ku kuma biya ta a kan lokaci, domin matar da ake bi wata biyu ba a biya ba ita ce take ƙara yara uku don ta cike giɓi.

Reshe ya buƙaci wakilan makarantu su tattaro mana, kafin ƙarshen wannan zango, adadin membobin da ke da yara 'yan ƙasa da shekara huɗu da irin wurin da suke barin su a lokacin aiki. Ba ma son sunan mai raino ko adireshinta, kuma duk takardar da ta zo da su za mu mayar. Alƙaluman kawai za mu ɗauka mu kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da uwar ƙungiya ta jiha, tare da wannan buƙata a rubuce.