Ina yaran Kano za su buga ƙwallo?

A unguwannin Kano, duk filin da ya rage babu gini akwai rigima a kansa. Samari sun ajiye duwatsu biyu a matsayin raga, suna tamaula ba takalmi. Dattawa kuwa suna kukan ƙura, da ihu har magariba, da ƙwallon da ke faɗawa tsakar gida.

Kokensu na kan hanya, amma mai unguwa zai iya tsara lokacin wasa. Mai son gina shago ne abin tsoro. Mun ga yadda shaguna suka zagaye Filin Idi na Ƙofar Mata, har gwamnati ta rushe su a 2023. Ƙananan hukumomi su yi wa filayen unguwa takarda da sunan jama'a, kafin a wayi gari tifa ta sauke yashi.