Dokar man girki da zuciyar ma'aikacin Abuja

A shekarar 2023 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin hukumar NAFDAC kan mai da kitse, waɗanda suka kayyade kitsen da masana'antu ke daskararwa da kada ya wuce giram 2 cikin kowane giram 100 na man da ke cikin abinci. Da wannan mataki Najeriya ta zama ƙasa ta biyu a Afirka, bayan Afirka ta Kudu, da ta bi shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai ƙa'idar ta fi shafar kayan da aka sarrafa a masana'anta, alhali abincin ranar ma'aikacin Sakatariyar Tarayya daga rumfar mai abinci yake fitowa.

Kolestarol wani maiƙo ne da hanta ke samarwa, kuma jiki na buƙatarsa. Matsala na tasowa idan nau'in da likitoci ke kira LDL ya yi yawa, domin yana taruwa a bangon jijiyoyi har hanyar jini ta ƙuntace, daga nan sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Nau'in HDL kuwa shi ke kwashe rarar ya mayar da ita hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019.

Kitsen nama, man shanu da manja, wanda kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, suna ɗaga LDL. Wake, gero, dawa da ganyaye irin su zogale suna taimakawa wajen rage shi. Hukumar ta kuma ba da shawarar kada gishirin da mutum ke ci ya kai giram 5 a rana, saboda hawan jini.

Tsarin birnin kansa na ƙara wa lamarin nauyi. Ma'aikacin da ke zaune a Mararaba, Nyanya ko Kubwa yakan shafe sa'o'i cikin cunkoson motoci, ya wuni bisa kujera, ya koma gida a gajiye. Abin da ake buƙata shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar. Ba sai an je Tafkin Jabi ba. Hawa bene da ƙafa da zagaya harabar ofis ma suna cikin lissafi.

Taba sigari na lalata bangon jijiyoyi, tana kuma rage HDL. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da sayar da kara ɗai-ɗai, amma har yanzu ana samun karan a teburan 'yan tireda. Wanda ya daina sha, bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciyarsa kan ragu zuwa kusan rabin na mai sha.

Babban haɗarin shi ne yawan kolestarol ba ya nuna alama, gwajin jini kaɗai ke tona shi. Don haka ya dace ma'aikatu su tsara wa ma'aikatansu gwajin shekara-shekara tare da hukumar inshorar lafiya ta NHIA, su kuma sa ido kan man da ake girki da shi a rumfunan abincin da ke harabarsu. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.