Yaƙi da giya daga kanti yake farawa

Ƴan uwa ƴan kasuwa, in ana zancen kare samari daga shan giya, kowa sai ya dubi malam da likita, a manta da mai kanti. Mu kuwa muna ganin ta wurinsa ya kamata a fara. Ga misali daga Amurka.

A birnin Los Anjalas akwai yankin talakawa da ake kira South Central, inda baƙar fata suke da yawa. A farkon shekarun 1990 kantunan giya sun haura 700 a yankin. A 1990 wata ma'aikaciyar lafiya, Karen Bass, wadda ta zama magajiyar birnin a 2022, ta kafa ƙungiyar Community Coalition. Gida-gida suka bi suna tambayar mutane abin da ke lalata ƴaƴansu, jama'a suka nuna waɗannan kantuna.

A watan Afrilu na 1992 tarzoma ta ɓarke, bayan kotu ta wanke ƴan sandan da suka doki wani baƙar fata, Rodney King. Kantunan giya kusan 200 suka ƙone. Ba mu yaba ƙone dukiyar kowa. Abin koyi shi ne abin da ya biyo baya: iyaye da samari suka tara sa hannu, suka yi ta zuwa zaman hukumar birni, har aka hana sake buɗe kusan 150. Wasu suka koma gidajen wanki da kantunan abinci.

Amma akwai waɗanda suka yi kuka. Da yawa daga masu kantunan baƙi ne ƴan Koriya, jarinsu ya tafi. Da an zauna da su tun farko, da asarar ba ta kai haka ba.

Mu ma nan mun san gidajen giyar unguwanninmu, mun san teburin da ake sayar wa yara tramol. To, sarakunan kasuwa da masu unguwa su kira masu wannan sana'a. A hana sayar wa yaro, a nisantar da ita daga makarantu. Wanda ya yarda ya sake sana'a, asusun mata da adashen ƴan kasuwa su rance shi jari. A sa samarin fada cikin shawara, don sun fi mu sanin inda ake sha.

Ribar da ta lalata ɗan maƙwabci, gobe ɗanmu za ta ci. Allah shi kyauta.