Maiduguri: Kame kaɗai ba zai raba iyalai da tiramadol ba

Yaran da suka shaida ɓarkewar rikicin Boko Haram a Maiduguri a 2009, yau su ne iyaye. Wasunsu a sansanoni irin na Bakassi suka tashi, kuma rufe sansanin a 2021 bai kawar da firgicin da suka kwasa ba. Uban da ke danne tunani da tiramadol, a gaban ɗansa yake haɗiya. NDLEA na kame, amma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke birnin ba zai wadaci kowa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka rattaba wa hannu a Janairun 2023 sai da kuɗi za ta motsa. Wajibi ne masu tsara kasafi a Abuja su ware albashin ma'aikatan da za su saurari iyalai a asibitocin unguwanni, da Kanuri da Hausa.