Raddi ga Masu Cewa Wasan Kwaikwayo Baƙo ne a Ƙasar Hausa

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a azuzuwan adabi, wai Bahaushe bai san wasan kwaikwayo ba sai da Bature ya zo, wai kuma asalinsa littafin Six Hausa Plays na Rupert East. Hujjojin masu wannan magana su ne babu rubutu, babu dandamali, kuma abin da ake yi a garuruwa irin Anka da Gummi da Bukkuyum raha ce kawai. Ko ɗaya ba ta tsayuwa da ƙafarta.

Mu fara da rubutu da dandamali, tunda da Turai suke kafa mana misali. A birnin Faris na Faransa, ƙungiyar Comédie-Française da aka kafa a 1680 ta riƙe ikon yin wasa mai zance ita kaɗai, ta sa aka hana 'yan wasan kasuwannin Saint-Germain da Saint-Laurent yin magana da juna a gaban jama'a. Da aka matsa musu, sai suka koma rubuta baituka a kan alluna suna ɗagawa, 'yan kallo na rerawa da karin waƙoƙin da kowa ya sani. Daga wannan dabara ta 'yan kasuwa aka samu Opéra-Comique a 1714, har marubuci kamar Lesage ya riƙa tsara musu wasanni. 'Yan wasan Italiya kuwa, waɗanda Sarki Louis na 14 ya kora daga Faris a 1697, sun gaji al'adar riƙe ƙashin labari kawai, zancen kuma a ƙirƙire shi nan take. Babu masanin da ya cire waɗannan daga tarihin wasan Faransa don sun tashi a kasuwa. To da wane ma'auni za a cire namu?

Hujjar raha ta fi ba ni takaici, domin mai faɗinta bai tsaya ya kalli tashe ba. Azumi na yin kwana goma, yara za su fito bayan shan ruwa. Ga yaro ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a doro, ya dogara sanda yana rawar jiki, abokansa na amshi. Ga Jatau Mai Magani da tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle, yana zayyana aikin kowane. A nan akwai shiga, akwai ɗaukar halin wani, akwai mai bayarwa da 'yan amshi, akwai 'yan kallo masu biya da hatsi ko kuɗi. 'Yan kama kuma suna kwaikwayon zaman malami da almajiransa, sai dai karatun duk na tuwo da miya ne. A bikin kalankuwa samari kan naɗa sarki da alƙali da dogarai su yi shari'a, a wasan gauta kuwa matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, su nuna masa abin da baki ba ya iya faɗa. Wannan suka ce da aka lulluɓe da dariya, kuma sai gwani ke iya ta.

Za su ce ai rubutaccen wasa da boko ya zo. Haka ne, Wasan Marafa na Abubakar Tunau ɗan makaranta ne. Amma Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi, da ya fito a 1959, sai da aka saurare shi a rediyo kafin ya zama littafi, kuma zaurance da habaicin da ke cikinsa ba a aji aka koya su ba. A Damagaram ma, inda Faransa ta yi mulki, 'yan wasa irin su Yazi Dogo sun shahara da tsara labari tare, kowa ya zuba zancensa da Hausa.

Illar wannan ra'ayi ita ce yana kawar da idon ɗalibai daga abin da ya kamata su taskace. Rashin tsaro ya hana fitar dare a ƙauyuka da dama na yammacin Zamfara, tashe kuwa da dare ake yinsa, kuma tsofaffin da suka san yadda ake shirya kalankuwa suna ƙarewa.